Wuta-wuta ta cinye mini gonar dawa: akwai maganin da zai raba ni da ita?

"Assalamu alaikum. Ni manomi ne a kudancin Katsina. Ina da gona eka 3 da na gada, fiye da shekara 10 ina noman dawa da gero a cikinta, wani lokaci masara. A da ina samun dami 60, bara ko 25 ban haɗa ba. Wuta-wuta ce ta mamaye ta, idan ta yi fure sai ka ce ita na shuka. Kowace shekara muna tuge ta da yara, amma sai ƙaruwa take yi. Wani ya ce takin zamani ne ya jawo ta, wani ya ce in yi feshi. Shin akwai maganin da zai kashe ta gaba ɗaya, ko in haƙura da gonar?"

Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya ba da damina mai albarka. Tambayarka ta ƙunshi abu uku: me ya sa cirewa ba ta rage ta, ko taki na da laifi, da kuma ko akwai magani. Amsar ta ƙarshe ita ce babu wani ruwan magani a kasuwa da za ka fesa sau ɗaya ka huta. Amma gonarka ba ta mutu ba, kada ka haƙura da ita. Abin da ya kamata ka fara ganewa shi ne, wuta-wutar da kake gani tsaye da furenta ta riga ta gama yawancin ɓarnarta tun tana ƙarƙashin ƙasa. Abokin faɗanka na gaskiya shi ne irinta da ke kwance a cikin ƙasar gonar, kuma da shi za a yi ta fama shekara uku zuwa biyar.

Tabbatar da cewa ita ce

Sunayenta suna da yawa gwargwadon gari: wuta-wuta, ƙuduji, gaugai, wasu ma makasar dawa suke ce mata. Masana tsirrai suna kiran wadda ke cin hatsi Striga hermonthica. Tsayinta kan kai daga gwiwa zuwa ƙugun mutum. Kararta tana da kusurwa huɗu, tana da kaushi idan ka shafa, ganyenta siriri ne mai tsini, furenta kuma ja-ja ne mai hasken shunayya, jere a saman kara. Idan ka tuge ta ka yar, tana bushewa ta koma baƙa ƙirin, wannan ma alama ce. Tana kama dawa, gero, maiwa, masara, shinkafar tudu da rake.

Akwai 'yan uwanta biyu da ake yawan rikita su da ita, kuma bambancin yana da amfani wajen zaɓen abin da za ka shuka. Ta wake gajeriya ce, da kyar take wuce taƙi ɗaya, tana fitowa cunkus a gindi ɗaya, ganyenta ƙanana kamar ɓawo, furenta ƙarami mai shuɗi-shuɗi. Wannan ba ta taɓa dawa, ta dawa ma ba ta taɓa wake. Ɗayar kuma mai fure rawaya ce, ana ce mata Alectra, ita kuma wake da gyaɗa take bi.

Tun kafin ta fito ana iya gane ta a jikin shuka. Dawa mai sati 4 zuwa 6 za ta tsaya cak ba ta ƙara tsawo, ganyen ya yi ɗige-ɗigen rawaya, ya nannaɗe da rana kamar ana fari alhali jiya aka yi ruwa. Ƙarancin taki shi ma yana sa rawaya, amma nasa yana farawa daga tsinin tsofaffin ganyaye na ƙasa ya bi tsakiya. Tsutsar kara kuwa zuciyar shukar take busarwa. Idan kana shakka, ka sa fartanya ka haƙo gindi ɗaya da ƙasarsa, ka jiƙa shi a bokitin ruwa har ƙasar ta zube. Za ka ga wasu fararen tsiro masu kauri da taushi, kamar ƙananan yatsu, manne da saiwar dawar. Ka ja ɗaya, za ka ji ya liƙe, ba zai rabu ba sai ya tsinko saiwar. A gindi guda mai cuta sosai kana iya ƙirga goma ko fiye, alhali a sama ba ka ga ko ɗaya ba.

Yadda take rayuwa, da dalilin da cirewarka ba ta ci ba

Irinta bai kai rabin milimita ba, kamar ƙura yake, in ya zuba a tafin hannu sai ka ɗauka datti ne. Tsiro ɗaya yana iya zubar da ƙwaya 50,000, mai ƙarfi ya ninka haka. Wannan iri yana iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara 10 yana jira. Ba ruwa kaɗai ke tsirar da shi ba. Sai ya sha danshi da ɗumi na sati ɗaya zuwa biyu a farkon damina, sannan ya ji wani sinadari da saiwar hatsi ke fitarwa, kuma sai saiwar ta matso kusa da shi da 'yan milimitoci. Da ya ji sai ya tsiro. Guzurin da ke cikin ƙwayar kaɗan ne ƙwarai, don haka in bai kama saiwa cikin 'yan kwanaki ba, ya mutu. Ka riƙe wannan, domin nan ne lagonta yake.

In ya kama, sai ya huda saiwar ya shiga tsotson ruwa da abinci. Ba tsotso kaɗai ba, yana kuma dagula girman shukar, ta riƙa zuba ƙarfinta a saiwa maimakon kara da zangarniya. Zai yi sati 4 zuwa 7 a ɓoye kafin ya leƙo sama. Bayan fitowa da kamar wata ɗaya sai fure, bayan fure da sati 2 zuwa 4 iri ya nuna.

To ka ga inda matsalar take. Yawancin manoma suna shiga cirewa ne lokacin da gona ta yi ja da fure, wato ihu bayan hari ta fuskar amfanin bana. Kuma furen yana buɗewa ne daga ƙasa zuwa sama, saboda haka lokacin da kake ganin na sama yana sheƙi, ƙwansunan ƙasa sun riga sun ƙosa. Yara suka tuge, suka tara a kan kunya ko a bakin iyaka, ta bushe a nan ta fashe. An yi wahala, an kuma taya ta shuka. Sannan bayan an yanke dawa kowa ya tattara ya koma gida, ita kuwa tana nan a kan gindin kara tana ƙarasa zubar da iri har watan Nuwamba. Yi lissafi da kanka: tsiro 20 kacal da suka tsira a eka ɗaya sun mayar wa ƙasa ƙwaya miliyan ɗaya.

Cirewa tana da amfani, amma ribarta ta baɗi ce da shekarun gaba. Ƙa'idarta ita ce a cire da zarar furen farko ya fara buɗewa. In ka riga lokaci tana ƙarama, karar tana tsinkewa ta sake tohowa daga ƙasa. In ka makara, iri ya zuba. A zagaya duk bayan kwana 10 zuwa 14 har a yi girbi, a kuma koma sau ɗaya ko biyu bayan girbi. A zuba a buhu tun a wurin, kada a ɗauko a hannu ana kaɗawa tsakanin kunyoyi. A kai rami ɗaya a wajen gona a ƙone. Kada a ba dabbobi, kada a jefa a juji ko ramin taki.

Batun taki

Wanda ya ce maka takin zamani ne ya kawo ta bai faɗi daidai ba, kodayake na san abin da ya gani. Mutane sun fara ganin yawaitar wuta-wuta a zamanin da aka daina barin gona ta huta, aka rage kai takin gida, aka koma noman hatsi a wuri ɗaya kowace shekara da ɗan takin zamanin da bai isa ba. Sai aka ɗora wa takin laifi. Gaskiyar ita ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Shukar da ke jin yunwa, musamman yunwar sinadaran naitirojin da fosfaras, ta fi fitar da wannan sinadari da ke tada irin wuta-wuta. Wadda ta ƙoshi tana rage shi. Shi ya sa za ka ga a gona ɗaya, inda shanun Fulani suka kwana ko kusa da tsohon juji dawa ta yi baƙi-ƙirin babu wuta-wuta sosai, can kan jigawar da ruwa ya wanke kuwa ta yi cincirindo.

Lokacin sa takin ya kusan fi yawansa muhimmanci. Tana fara kama saiwa tun shuka na da sati 2 zuwa 3, don haka takin da aka jinkirta har bayan maimai ya makara. Ga dawa da gero, abin da aka saba ba da shawara a kadada ɗaya, wato kusan eka biyu da rabi, shi ne buhu 4 na NPK 15-15-15 lokacin shuka ko cikin kwana 10 zuwa 14, sannan buhu ɗaya da rabi na yuriya a sati na 5 zuwa 6. Masara ta fi ci: buhu 8 na NPK da kusan buhu biyu da rabi na yuriya, ita kuma a sati na 4 zuwa 5. A tona a binne kamar yatsa uku daga gindi, a ƙasa mai danshi. Yuriyar da aka watsa a sama aka bari rana ta buga, wani kaso nata iska ke tafiya da shi.

Na san farashin buhu a yau ba na kowa ba ne. In abin bai kai ba, kada ka watsa ɗan abin da ka samu a eka 3 duka. Akwai dabarar da aka gwada sosai a Jamhuriyar Nijar, ta zuba kaɗan a kowane rami: giram 6 na NPK, wato cikin murfin kwalbar lemo, ko giram 2 na takin zamanin da ake kira DAP, wato abin da yatsa uku za su tsinka. A gonar gero mai rami 10,000 a kadada, wannan kilo 60 ne na NPK, buhu ɗaya da ɗan ɗori. Ka sa a gefen ramin ka rufe da ƙasa kaɗan kafin ka jefa iri, domin in taki ya taɓa iri kuma ruwa ya yi jinkiri, zai ƙone shi. Yuriya ba a sa ta a ramin shuka ko kaɗan. Takin gida ma haka, in bai isa a baza ba, cikin hannu ɗaya ko biyu a kowane rami ya fi a yayyafa. Amma ya zama ruɓaɓɓe. Ɗanyen kashin dabbobin da suka yi kiwo a gonakin da ke da wuta-wuta yana iya zuwa da irinta.

Shukar da ke yaudarar ta

Wannan ne babban makamin mai ƙaramin ƙarfi. Akwai amfanin gona da saiwarsu ke fitar da irin wancan sinadari, irin wuta-wuta ya ji ya tsiro, ya nemi kamawa ya kasa, ya mutu. Auduga, waken suya, gyaɗa, wake da riɗi duk suna cikin wannan sahu. A saiwar auduga ma aka fara gano sinadarin a 1966. Sai dai ba kowane iri ne ke da ƙarfi ɗaya ba. A waken suya, irin da ake kira TGx 1448-2E na IITA, cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa da ƙasa da ke Ibadan, ya yi suna a wannan aiki, kuma yankinku na kudancin Katsina yana da ruwan da zai ishe shi, tunda yana ɗaukar kusan wata huɗu. Wanda ke can arewa inda damina ta fi gajarta, gyaɗa ko wake ko riɗi sun fi masa.

Ga yadda zan tsara gonarka. Raba ta uku. Ekar da ta fi lalacewa ka cire mata hatsi gaba ɗaya shekara biyu a jere: waken suya bana, gyaɗa ko auduga baɗi. A shuka shi zalla kuma a cike, domin yawan saiwar da ta ratsa ƙasa shi ne yawan irin da za ta tayar. Waken suya a layi mai tazarar santimita 50 zuwa 75, tsakanin tsiro da tsiro kamar santimita 5, iri kilo 50 zuwa 60 a kadada, da takin sufa buhu 4. Eka ta biyu ka yi hatsi da wake ko gyaɗa a haɗe. Ta uku, wadda ta fi dama, ka yi hatsin da gida zai ci, ka tara mata takin da kake da shi. Bayan shekara biyu sai a juya.

Kuskuren da ke ɓata wannan tsari guda biyu ne, kuma kusan kullum su ne. Na farko gyauro. Mutum ya shuka waken suya, dawar bara ta tsiro a tsakani, ya ji tausayinta ya bar ta. Kowane gindin gyauro gidan saukar wuta-wuta ne, zai kuma zubar da irin da ya fi wanda waken ya kashe. A cire shi, a cire ciyayi dangin hatsi su ma, domin wasunsu tana kama su. Na biyu gaggawa: shekara ɗaya ta waken suya tana ragewa, amma ba ta isa ga gonar da ta yi shekara 10 tana tara iri ba.

A haɗin hatsi da wake, a sa waken kusa, ko a kunya ɗaya ko layi-layi, ba gicci mai nisa ba. Amfaninsa biyu ne. Saiwarsa tana yaudarar iri, ganyensa kuma yana rufe ƙasa. Wuta-wuta tana son rana da zafi, domin ta hanyar fitar da ruwa ta ganyenta take janyo na dawar, inuwa da laima suna raunana ta. In ka taɓa ganin ta wake a gonar, ka nemi irin da ba ta kamawa, kamar SAMPEA 10, SAMPEA 14 ko SAMPEA 15, kada a gudu daga wata a faɗa wa wata.

Irin shuka

Cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru, Zariya, tare da IITA sun fitar da masara mai jure mata. SAMMAZ 15 tana nuna a kusan wata huɗu, SAMMAZ 27 kuma a kusan wata uku. A dawa akwai SRN39, wadda aka yaɗa a Nijar da Sudan, saiwarta ba ta tada irin wuta-wuta sosai. Gero kuwa an fi dogara ga mai saurin nuna, wanda zai fid da kai kafin ta ci ƙarfinsa. Ka tambayi malamin gona na yankinku wanda ya dace da ƙasarku, ka kuma gwada a 'yan kunyoyi tukuna, domin wuta-wutar wani yanki ta bambanta da ta wani, kuma dawar da uwargida ta ce tuwonta bai yi ba, ba za ta daɗe a rumbu ba.

Hattara ɗaya: juriya ba kariya ba ce. Iri mai juriya zai ba ka amfani ko da ta kama shi, amma ita ma za ta girma ta zubar da iri a gindinsa. In ka ga masara ta yi goyo mai kyau ka daina cirewa, kana tara wa kanka bashi ne. Sannan ka kula da inda irinka ya fito. Hatsin da aka shanya ko aka sussuka a ƙasan gona mai wuta-wuta yana ɗauke da ƙurar irinta, kuma ta nan take shiga sababbin gonaki fiye da yadda ake zato. Zaɓi zangarniyar iri tun tana tsaye, ka yanke ka sa a buhu ba tare da ta taɓa ƙasa ba. Garma, fartanya da kofaton shanun huɗa su ma suna ɗaukar ta, don haka a fara aiki daga ɓangare mai tsabta a ƙare a mai cuta, a karkaɗe ƙasa kafin a wuce wata gona.

Dashe ma yana taimakawa ga dawa da maiwa. In aka yi reno a wuri mai tsabta aka dasa bayan sati 4 zuwa 5, shukar ta shiga gona da ƙarfinta, kamuwar kuma ta zo a makare. Aiki ne mai cin hannu, ya fi dacewa da ƙaramin fili.

Feshi

Magungunan da ake fesawa bayan shuka don hana ciyawa fitowa, irin su atrazine, ba sa yi mata wani abin kirki, domin ita a can ƙasa jikin saiwa take tsirowa, kuma a makare. Maganin kashe ciyawa na glyphosate zai kashe ta ya haɗa da dawarka. Wanda ke aiki a kanta bayan ta fito shi ne 2,4-D, kuma matsayinsa matsayin cirewa ne: yana hana ta yin iri, ba ya dawo da abin da ta riga ta tsotse. Ana amfani da shi a gonar hatsi zalla, kafin ta yi fure, a sunkuyar da bakin feshin ƙasa da ganyen dawa, da safe lokacin da babu iska, bisa ma'aunin da ke jikin kwalbar. Yakan buƙaci maimaici bayan sati 2 zuwa 3 saboda ba rana ɗaya take fitowa ba. Kada ka kusanto da shi inda akwai wake, gyaɗa, waken suya, auduga, kuɓewa ko tumatir, naka ko na maƙwabci. Ko ɗan tururinsa yana murɗe ganyen auduga. A rufe hanci da hannu, a wanke injin feshin da sabulu sosai kafin a sa masa wani magani.

Akwai kuma masara ta musamman da ake shafe irinta da maganin imazapyr, wuta-wutar da ta zo kamawa ta mutu a wurin. Irin masarar ne aka samar don ya jure maganin. Kada wani ya sayar maka da maganin ya ce ka shafa wa naka iri, zai ƙone tas.

Abin da za ka sa rai da shi

Ban ga gonarka ba, kuma yawan irin da ke kwance a ƙasa, da irin ƙasar, da yadda damina ta zo, duk suna canza saurin sakamako. Babu ɗaya daga cikin hanyoyin nan da ke isa ita kaɗai, sai an haɗa aƙalla uku: hana ta zubar da iri, juya shuka, da ciyar da ƙasa da wuri. A shekarar farko amfani zai ɗan ɗaga saboda taki da iri, amma za ka ci gaba da ganin ta, kada ka karaya. Raguwar da ido zai shaida takan fara ne daga shekara ta uku. Ruwan da ke gangarowa daga gonar sama da iskar kaka suna kawo iri, don haka ka yi magana da maƙwabtan iyakarka ku sa ranar cirewa tare, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Don kada ka dogara da zato, ka kafa turaku a wuri huɗu a gonar, kowanne taku biyu a tsaye taku biyu a kwance. Duk shekarar da hatsi ke wurin, ka ƙirga wuta-wutar da ta fito a ciki a tsakiyar watan Satumba kafin ka cire, ka rubuta a takarda tare da yawan damin da ka samu. In bayan an juya shuka sau biyu adadin bai sauka ba, ka duba gyauro, ka duba inda ake zubar da wadda aka tuge, ka duba irin da kake sayowa. A ɗayan ukun nan ɓarakar take fitowa galibi.